Gubar da Ba a Hango Ta Daga Bene

Tsoho Augustus Quarmby ya shekara arba'in yana mutuwa a kan dandamali, saboda haka ranar Alhamis ɗin da ya kusa mutuwa da gaske babu wanda ya farga sai da aka gama tafi.

Wasan da ya kawo mana garin Skelthorpe a shekarar 1874 sunansa "Kofin Suruka". Labarin wani attajiri ne da matar ɗansa ta zuba wa guba a ruwan sha. Quarmby ne attajirin, matar ɗansa ta gaskiya kuma, Hester, ita ce mai zuba gubar, don 'yan gida ɗaya ne ke yin komai a wasan. Kullum da yamma sai ta zaro 'yar kwalba daga hannun riga, ta tsiyaya a kofin gilashi, shi kuma ya shanye ya shiga mutuwa. Mutuwar Quarmby ba ta gaggawa ba ce. Yakan dafe ƙirji, ya kifar da kujera, ya yi wasiyya, ya faɗi, ya tuna wani abu ya tashi, ya sake faɗuwa. Masu agogo sun ce minti goma sha biyu take ci.

Ran Alhamis, kwana na huɗu da fara wasan, a minti uku ya gama ta, har da amai. Ma'aikatan masaƙa da ke zaune a bene suka ce ba su taɓa ganin gwaninta irin wannan ba. Aka saki labule, aka ɗaga don ya rusuna wa jama'a, sai ga shi kwance yana kiran likita da muryar da ba ta wasa ba.

Likita ya tafi da kwalbar. Kafin hantsin Juma'a magana ta gama gari: arsenik ne a ciki, gubar da ake sa wa ɓeraye.

* * *

Mu mutanen Skelthorpe ba ma ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Kwana huɗu muna kallon Hester tana zuba wa surukinta guba da idonmu, wace shaida kuma ake nema? Da Sajan Enoch Holroyd ya isa masaukin 'yan wasan sai ya tarar da mata sun cika layi, wasu har da ruɓaɓɓen kabeji a kwando.

Holroyd ƙaton mutum ne mai sanyin tafiya, ɗan shekara hamsin, wanda bai taɓa shiga gidan wasa ba a rayuwarsa. Cewa yake aikinsa ya ishe shi jin ƙarya, ba sai ya biya kuɗi ba. Abin da ya fi so a duniya taba ce ta shaƙa, kuma nasa gwangwanin kullum a gida yake mantawa da shi.

"Sajan, ka fito mana da ita!" in ji wata mai wanki. "Ni na gan ta. Har murmushi take yi tana zubawa!"

"An biya ta ne ta yi murmushin, Misis Tordoff. Ku ba ni hanya."

Ya fito da Hester ta ƙofar baya ya kai ta ofishin 'yan sanda, rabi don doka, rabi don kabejin. Aka sa ranar Litinin za ta tsaya gaban alƙali. In tsoho ya mutu, igiyar rataya ce. In ya tashi, ɗaurin rai da rai ne. Kwana uku ke nan Holroyd yake da su, kuma tun daga kallon farko zuciyarsa ba ta kwanta da cewa ita ce ba.

* * *

Ya same ta a ɗakin tsaro ta aro allura tana ɗinke bargon gwamnati.

"Ke kike cika kwalbar?"

"Ni ce, Sajan. Da ƙarfe huɗu, a ɗakin da nake shiryawa. Sai in ajiye ta a teburin kayan wasa, bayan labule."

"An ce kulle ƙofa kike in za ki cika ta."

"Ba a yi mini ƙarya ba."

"An kuma ce makon jiya, a gaban kowa, kin ce wa surukinki in bai rage mutuwar nan tasa ba ke za ki rage masa ita."

Ta yi dariya, sannan dariyar ta maƙale. "Na faɗa. Ka taɓa tsayuwa minti goma sha biyu riƙe da kwalba, kana yin fuskar mugunta, mutum yana birgima a ƙafarka? Kumatuna har ciwo suke. Ni da Baba kullum sai mun yi, amma faɗan baki ne."

"To me kike zubawa a kwalbar?"

"Abin da ba ya kisa."

"Yarinya, Litinin fa ba ta da nisa."

Ta yanke zare da haƙori. Ta soke allurar a bargon. "Ko na faɗa ba zai wanke ni ba, Sajan. Sai dai ya kunyata wani. Ka bar shi kawai."

* * *

Mai kantin magani ya ba shi labari mai daɗi: Madam Lavinia Quarmby, matar tsohon, ta sayi arsenik ranar da suka sauka a garin. Holroyd ya koma masaukin yana jin ya kama bakin zaren.

Madam Lavinia ta karɓe shi a tsaye, kamar sarauniyar da ta saba fitowa a wasa.

"Na saya mana! Ka ga ɓerayen gidan nan? Ɗaya na gani yana jan takalmina." Ta jawo ƙunshin daga saman kabad ta dangwara masa. Ko zaren da aka ɗaure shi da shi ba a kwance ba. Ya buɗe, ga garin nan baƙi ƙirin, don doka ta ce sai an gauraya shi da kunkunniya kafin a sayar. "Sajan, shekara talatin da takwas nake auren Mista Quarmby. Da zan ba shi guba, ai da tun ina da ƙuruciyar da zan ci moriyar abin na ba shi."

Ɗansu Lionel, mijin Hester, yana zaune a matattakala ya haɗa kai da gwiwa. Shekararsa talatin da biyar amma har yau a wasa shi ne baran da ke shigowa da wasiƙa a faranti. Kowa ya san uban ya hana shi babban matsayi, kuma shi ke tsayawa dab da teburin kayan wasa.

"Ni?" Lionel ya ɗago jajayen idanu. "In ba Baba guba, a kama Hester? Sajan, ka rubuta ni ne. Ka rubuta kawai, in dai za a sake ta."

"Da wace guba ka yi?"

"Da... wacce aka ce an yi?"

Holroyd ya dafa kafaɗarsa ya wuce sama.

Tsoho Quarmby yana kwance a kan matasai huɗu, ya shimfiɗa gashinsa yadda zai yi kyau. Likita ya ce zai tashi, amma ga alama ba a gaya wa muryarsa ba.

"Ka zo, ɗan doka? Matso. Idona ya fara duhu."

"Ranka ya daɗe, wa kake zargi?"

"Ba na zargin kowa. Na yafe wa duniya." Ya juya fuska bango. "Hester... tana cin abinci kuwa?"

"Tana ɗan taɓawa."

A kan teburin gefen gado akwai gwangwanin taba na azurfa. Quarmby ya yi suna da shi, ko mai share titi ya gaishe shi sai ya buɗe ya miƙa masa. Holroyd, da hancinsa ke ƙaiƙayi tun safe, ya miƙa hannu. Mutumin da idonsa ya fara duhu ya yi wuf ya fizge gwangwanin ya cusa ƙarƙashin matashi.

"Ta ƙare," in ji shi.

Holroyd ya sauko yana jin haushi. A lokacin rowa kawai ya ɗauke ta.

* * *

Ranar Asabar ya koma gida cin abincin rana ba shi da komai a hannu. Matarsa Dorcas ta ajiye masa dankali da naman tunkiya, ta zauna tana kallonsa. Ita ba ta barin wasa ya wuce ta, da sisinta take hawa bene ta zauna a gaba.

"Ka yi shiru, Enoch. Yarinyar nan ce?"

"Ita ce. Ba ta yi ba, Dorcas, amma ban san wanda ya yi ba."

"Ni dai sisina ya ciwo ni. Litinin ɗin da ta wuce na je, ranar farko. Aka ce guba, na ware ido, ban ga komai ba. Kamar ruwan famfo ta zuba a ruwan famfo. Har wani daga bayanmu ya yi ihu, 'Ina gubar? Mun biya!' Aka kwashe da dariya, tsohon yana tsakiyar mutuwa. Sai ga Misis Tordoff ta je ran Laraba tana yi mini burga wai kore shar ta gani, kamar ciyawa."

Holroyd ya ajiye cokali. "Sake faɗa."

"Wanne? Burgar?"

"Ranar farko ba kore ba ce?"

"Wane irin kore? Kai da ba ka zuwa, ina za ka sani? Fitilun gas ɗin nan na bakin dandamali ai cinye launi suke. In abu bai yi kauri ba, ba a hango shi daga bene. Har jarida ta yi musu tsiya. Tsaya." Ta zaro jaridar Talata daga ƙarƙashin kwandon dankali. Mai sharhi ya rubuta cewa Mista Quarmby ya yi mutuwa mai tsawo, amma jama'a sun tashi ba su san abin da ya kashe shi ba, wataƙila ƙishirwa ce.

Dama Holroyd ya riga ya ga kwalbar a wajen likita, kore shar, bai ko tambaya ba, don a zatonsa haka gubar wasa take tun asali. Arsenik ɗin Madam Lavinia kuwa baƙi ne. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Naman fa?"

"Rufe mini. Dorcas, da ke aka ɗauka aikin nan da tuni na huta."

* * *

Ya biya ta ofis. Hester ta ce ita ba ta taɓa sa kore ba. Daga ran Talata ta fara ganin kwalbar ta canza launi, ta ɗauka Kawu Barnaby ne ya ɗiga ruwan alayyafo, irin wanda masu girki ke rina abinci da shi.

Barnaby ƙanin Madam Lavinia ne, shi ke zana labulen wasa. Holroyd ya same shi a bayan dandamali yana zana daji, itatuwan duk ruwan ƙasa da shuɗi.

"Alayyafo? Ni na ɗauka Hester ce ta sa!"

"Kana da koren fenti?"

Barnaby ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Kada ka riƙa kiran sunansa a nan, Sajan. Mu 'yan wasa ba ma shiri da launin nan, rashin sa'a yake jawowa. Gwangwani ɗaya gare ni na garinsa, sai dole nake taɓawa, kuma a kulle yake."

Ya buɗe wani ƙaramin kabad. Garin kore ne mai ɗaukar ido, an kwashi gefe ɗaya da wani abu mai kama da bakin cokali.

"Wa ya taɓa mini?" Barnaby ya yi salati irin nasu. "Wannan ai rabinsa arsenik ne! Kyanwata ta lashi buroshi sau ɗaya, a garin Bradford na binne ta."

"Kowa ya san haka a gidan nan?"

"Wa ke tambayar mai fenti abin da ke cikin fenti?"

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nawa, da na mai gida." Barnaby ya dubi mabuɗin da ke hannunsa. "Kai, Sajan. Kai."

"Rufe bakinka sai gobe."

* * *

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci Holroyd ya tara su a kan dandamali: Madam Lavinia, Lionel, Barnaby, da Hester da ya zo da ita da kansa. Tsoho Quarmby a kujera aka ɗauko shi, an lulluɓe shi da bargo. Dorcas ta hau bene ta zauna a wurinta, don ya ce ita ce babbar shaida. Aka kunna fitilun gas.

Holroyd ya ɗaga kofin gilashi mai farin ruwa. "Dorcas, me kika gani?"

"Ba komai!" ta amsa daga sama. "A mayar mini da sisina!"

"Haka aka gani ranar Litinin. Aka yi dariya, jarida ta ƙara gishiri. Ran Talata kwalba ta koma kore. Madam, gubarki baƙa ce, kuma ba a buɗe ta ba. Lionel, kai ko sunan gubar ba ka sani ba. Barnaby ya san abin da ke cikin fentinsa, kuma tsoron launin ma yake. Saura wanda dariyar nan ta fi yi wa ciwo, mai mabuɗi na biyu, wanda bai san fenti yana kisa ba." Ya tako gaban kujerar. "Ranka ya daɗe, ɗan san mini taba."

"Na ce maka ta ƙare."

"To ba ni gwangwanin in shinshina."

Holroyd ya miƙa hannu. Can sai tsohon ya sa hannu cikin bargo ya fito da shi. Holroyd ya buɗe ya juye a kan farin hankici. Kore shar.

"Yanzu na gani!" in ji Dorcas daga bene.

"Mista Quarmby!" Madam Lavinia ta dafe ƙirji, wannan karon ba irin na wasa ba. "Kai ka ba kanka?"

"Ɗan kaɗan na sa ran Talata," in ji shi, muryar ta ƙanƙance. "Cikina ya murɗa, na ce kifin da na ci ne. Ran Laraba aka yi tafi da aka ga launin. Ran Alhamis sai na ƙara."

"Yaushe ka gane?" Holroyd ya tambaya.

"Juma'a. Da likita ya faɗi sunan gubar, ya ce masu fenti ma suna aiki da ita."

"Juma'a," in ji Lionel. Ya miƙe tsaye, kuma karon farko a rayuwarsa muryarsa ta kai bene. "Baba, kwana biyu matata tana kwana a ɗakin tsaro, ana jiran ta da ruɓaɓɓen kabeji, kai kana kwance ka sani?"

"Zan faɗa! Wallahi kafin Litinin zan faɗa. Ina neman yadda zan tsara maganar ne. Shekara arba'in, Lionel. A ce Augustus Quarmby ya sha fenti don 'yan bene su gani? Duk ƙasar nan dariya za a yi mini."

Abin dariya ne, amma babu wanda ya yi. Holroyd ya juya ga Hester.

"Saura tambaya ɗaya, yarinya. Alƙali zai yi ta gobe ko ban yi ba. Me kike kulle ƙofa kina zubawa?"

Ta dubi surukinta, ta sunkuyar da kai. "Zuma ce da na'ana'a da ɗan lemun tsami. Tun bara muryar Baba take dusashewa in an kai ƙarshen wasa. Shi yana zaton babu wanda ya lura. Da na ba shi magani a hannu da ya ce na raina shi. Sai na ga kofin nan ne kaɗai yake shanyewa ba gardama, kuma daidai lokacin da wasiyyar ke buƙatar murya."

"Shi ne kika ƙi faɗa?" tsohon ya tambaya.

"Da jarida ta ji, Baba, cewa za su yi ka ƙare."

Quarmby ya dube ta. Ya ture bargon, ya sauko daga kujera, ya durƙusa a gabanta. Holroyd bai san wasa ba, amma ya ga mutumin bai juya fuska wajen fitila ba, bai ɗaga hannu ba, bai ma gyara gashinsa ba. Kuka kawai yake irin na tsofaffi, mai muni, hanci yana zuba.

"'Yata, kin rufa mini asiri da wuyanki, ni kuma na rufa wa kaina da naki wuyan."

"Tashi, Baba, gwiwarka." Ita ma hawayen take. "Na yafe. Amma da sharaɗi biyu. Gobe da bakinka za ka faɗa wa alƙali, kuma ka faɗa wa 'yan bene."

"Na yarda. Na biyun fa?"

"Minti uku. Mun ga ran Alhamis za ka iya."

* * *

Alƙali ya sallami Hester kafin ya gama shan shayinsa, ya ce doka ba ta tanadi hukuncin wauta ba. Da aka sake buɗe wasa ranar Laraba, Quarmby ya fito gaban labule ya faɗi komai, har da kwana biyun da ya yi shiru. An yi masa dariya kamar yadda ya ji tsoro, sosai ma. Misis Tordoff kuwa, da ta zo da kabejinta, furanni ta aika aka sayo.

Holroyd yana bene kusa da Dorcas, karo na farko a rayuwarsa, agogo a hannu. Kwalbar ta fito kore da ruwan alayyafo. Tsohon ya shanye, ya dafe ƙirji, ya yi wasiyya da murya garau, ya faɗi. A minti na uku ya fara yunƙurin tashi kamar ya tuna wani abu. Hester ta sunkuya a kansa da fuskarta ta mugunta, ta ce wani abu da ba ya cikin wasan, kuma 'yan layin gaba sun rantse sun ji shi.

"Baba, kwanta. Akwai sauran zumar a ɗaki."

Ya koma ya kwanta.